Gara a Fiffiken Hagu

Madarunfa, 9 ga watan Yuni

Zuwa ga Yaya Zulai, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ƴaƴa da jikoki. Ya ƙarfin jiki, ya kunnen? Da yana ɗaukar maganar waya da ban wahalar da ke da karanta wannan mugun rubutu nawa ba.

Yaya, ƙanenki Malam ya maida gidan nan abin da ban san sunansa ba. Wata goma sha huɗu ke nan tun da kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke mana akwatuna biyar daga Kwatano, ya ce wai jirgin sama ne a ciki, gunduwa-gunduwa, shi zai haɗa abinsa a garaji. Na ɗauka zafin aje aiki ne, zai huce. Bai huce ba. Mota ya fitar da ita tana ta shan rana a ƙofar gida. Bangon garajin da ke kallon madafata ya fasa shi, wai don fiffike ya samu wurin miƙewa. Yanzu in ina tuƙa tuwo bakin fiffike na bisa kaina.

Duk wannan da sauƙi. Warin ne, Yaya. Akwai wani gam da yake kwaɓawa, da wani ruwa da yake shafa wa ƙyallen da ake lulluɓe jirgin da shi. Mushen jaki ya fi su daɗin shaƙa. Ya shiga randa, ya shiga tufafi, ya shiga man gyaɗar da nake matsewa. Matan garin Ɗan Issa da suka shekara goma suna ɗaukar mai a hannuna sun dawo mini da jarka uku, suka ce ko a fitila ba za su zuba shi ba. A cikin tasar da nake kai wa baƙi fura yake kwaɓa gam ɗin. Kajina biyu sun tsattsagi abin da ya zuba a ƙasa, da safe na tarar da su a sandare. Hannuwansa duk sun saluɓe, fata na ɓarewa kamar ta maciji, kuma su yake tsomawa cikin miya.

Sai kuma ƴan kallo. Masunta in sun taso daga tafki nan suke yada zango, su jibge kwandunan kifi a zaure, ƙudaje su biyo su har ɗaki. Jikin katangarmu ya zama wurin fitsarin gari. Shekaranjiya wani tsoho ya zo tun daga garin Sarkin Yamma a amalanke, wai a rubuta sunansa cikin waɗanda za a kai Makka. Maimakon Malam ya sallame shi, sai ya zaunar da shi yana yi masa bayanin farfela har la'asar. Mutumin da a da sai a wuni ba a ji muryarsa ba, yanzu in bai ga taro a ƙofa ba abinci ma ba ya shiga.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ji yana faɗa wa mutanen nan cewa autanki Al'amin ne zai fara tashi da jirgin bayan an cire amfanin gona. Da saninki?

A gaida mutan gida duka. Na gode.

Taki,
Lantana

*

Damagaram, 21 ga watan Yuni

Lantana ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kunne kuwa yana nan yadda kika san shi, abin da ya ga dama yake ji.

Na sha dariya da takardarki. Ni da na yi shekara talatin ina karɓar haihuwa a gidan likita, ba za ki ba ni tsoro da wari ba. Ki maida murhu bayan gida, ki sa turaren wuta, ki saya masa tasa tashi ta kansa. Kajin kuma Allah ya maida alheri.

Ke kin samu Ilyasu ne da gemunsa, ni kuwa na goye shi. Tun yana ɗan lakwal, ɗan makaranta, yake sassaƙa jirage da karan dawa, Baba na dukansa yana sake wasu. Ya je Yamai ya yi shekara talatin da ɗaya yana makanise, wato kanikanci, a filin jirgi, yana ɗaure ƙusoshin jiragen wasu, su tashi su bar shi a ƙasa da tsumma a hannu. Ko sau ɗaya ba a taɓa ce masa zauna nan ka riƙe ba. Yanzu da Allah ya ba shi dama ya yi nasa, ba ni zan ce ya bari ba, ke ma bai kamata ki ce ba. In yana son taro, ki bar shi. Wanda ya daɗe ba a kallonsa ba laifi ba ne in ya ji daɗin ido.

Maganar Al'amin da sanina. Shi da kansa ya amsa wa kawunsa. Shekararsa bakwai yana tuƙa jirgin feshin fara da tsuntsayen jan-baki, yana bi ta saman itatuwa kamar shirwa, wannan ɗan abin ba zai gagare shi ba. Ilyasu ya gaya mini masu duba jirage sun zo a watan jiya, sun leƙa ko'ina kafin ya lulluɓe shi da ƙyalle, suka sa hannu. To me ya rage?

Ki yi haƙuri, ki riƙa yi masa addu'a. Ga dabino da kilishi nan direba zai ba ki.

Yayarki,
Zulai

*

Madarunfa, 28 ga watan Satumba

Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan damina ta yi muku albarka. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce.

Na bi maganarki, na maida murhu, na kama bakina wata uku. Wannan kuwa ba ta kamuwa.

Da ruwa ya sauka sosai, Malam ya jingina fukafukan biyu a bango, gindinsu a ƙasa, don ya samu wurin aikin inji. Wurin da ya fasa bango ruwa na bi yana jiƙa ƙasan garajin. Ya tafi Yamai neman takardu ya yi sati uku. Ranar da ya dawo na shiga yi masa shara, sai na ga hanyar gara ta taso daga ƙasa ta shige cikin fiffiken hagu. Na kira shi. Ya sa reza ya tsaga ƙyallen. Yaya, zubowa suka yi kamar an kwance bakin buhun shinkafa, farare, suna motsi a kan ƙafafuna. Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

A cikin fiffiken akwai wata doguwar azara ta katako, ita ke ɗauke da shi tun daga jikin jirgin har baki. Shi da kansa ya sha gaya wa ƴan kallo cewa ita ce ƙashin bayan fiffike. Ya danna ta da babban yatsa, kusa da inda ake ɗaure ta da jirgin, yatsan ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa. Ya daɗe a tsugune. Wallahi tausayinsa na ji a lokacin. Na ce masa Allah ne ya rufa asiri da aka gani tun a ƙasa.

Ranar Juma'a ya ce cikinsa na ciwo, ba zai je masallaci ba. Da unguwa ta yi tsit sai ya kulle garaji ta ciki. Ya manta da ramin da ya fasa da hannunsa. Ina tsaye a tsohuwar madafata ina kallonsa. Ya kwashe ruɓaɓɓen da cokali, ya kwaɓa mastik irin na masu gyaran mota da garin katako, ya cusa a ramin, ya goge, ya manna wani siririn falanki a kai, ya ɗinke ƙyalle, ya bi da fenti. Liman na huɗuba, shi yana wannan aiki.

Da ya fito na tambaye shi ko abin da na gani gyara ne. Ya ce mai soya ƙuli-ƙuli ba ta san katako ba. Na ce to a aiko da sabuwar azara mana. Ya ce sai ta yi wata takwas a hanya, shi kuwa ya riga ya raba takardun gayyata, manyan gari da ƴan rediyo duk sun san ranar, ba zai bari a ce Ilyasu mahaukaci ya kasa ba. Na ce, "Ɗan yayarka ne fa zai shiga." Ya ce mini in kawo masa ruwan wanka.

Shekara ashirin da shida ina wanke wa mutumin nan tufafi, ban taɓa ƙyamar dauɗarsa ba. Yanzu kofin da ya sha ruwa ma ba na iya kai shi bakina. Yana zaune da ƴan kallo yana shafa fiffiken nan, yana cewa su ji santsi.

Ki hana Al'amin zuwa. Ba ni da lambarsa, Malam ya ƙi ba ni. Don Allah, Yaya.

Lantana

*

Madarunfa, 10 ga watan Oktoba

Zuwa ga babbar yayata, Hajiya Zulai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ki da iyali baki ɗaya, ina sanar da ke cewa takardarki ta iso, kuma na fahimci damuwar da aka jefa ki a ciki. Zan amsa miki dalla-dalla.

Na farko, gaskiya ne gara ta taɓa fiffiken hagu. Ban ɓoye ba, ban dai ga amfanin tayar da hankalin tsohuwa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Saman katakon kawai ta lasa, wurin bai fi faɗin tafin hannu ba.

Na biyu, gyaran da na yi yana cikin littafin da ya zo tare da jirgin. Bayan na gama na jera buhunan yashi a kan fiffiken, nauyin da ya ninka wanda zai ɗauka a sama, ya kwana biyu a haka ko ƙara bai yi ba.

Na uku, a shekara talatin da ɗaya da na yi ina aiki, babu jirgin da ya fita daga hannuna da aibi. Manyan matuƙa suna tambaya ko Ilyasu ne ya duba kafin su shiga. Abin da baƙi suka yarda da shi, ban zaci sai na rantse wa ƴar'uwata a kansa ba.

Game da Lantana, ba na son in yi dogon bayani. Tun ranar da akwatunan suka iso take gaba da aikin nan. Ta leƙa ta rami, ta ga abin da ba ta san kansa ba, ta ɗora abin da zuciyarta ke so. Na yafe mata.

Roƙona ɗaya ne. Kada wannan magana ta kai kunnen Al'amin. Duk wanda ya san aikinmu ya san babu abin da ke kashe matuƙi kamar ya tashi da shakka a zuciya. In kina son lafiyarsa, ki bar shi ya zo da hankalinsa a kwance.

Ranar ita ce Asabar, 16 ga watan Nuwamba, a filin da ke gabas da tafki. An tanadar miki kujera a sahun gaba, in ƙafa ta bari.

Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci.

Ƙanenki mai biyayya,
Ilyasu

*

Damagaram, 19 ga watan Oktoba

Lantana,

Ina gaisuwa. Takardarki ta hana ni barci kwana uku, har na rubuta wa Ilyasu da kakkausar murya. Ya ba ni amsa, kuma na gamsu. Ya ce ya gwada fiffiken da buhunan yashi. Wannan ba ki faɗa mini ba.

Ban ce kin yi ƙarya ba. Na ce kin ga rabi kin cika sauran da haushi. Ilyasu yana da taurin kai, yana da son a yabe shi, amma ciki ɗaya muka fito, ba zai saka ɗana a abin da ya san zai faɗo ba. Irin wannan zargi ba a ɗora wa miji shi don an ji warin gam.

Ban gaya wa Al'amin ba, ke ma ban yarda ki gaya masa ba. Ƙafata ba za ta bar ni in zo ba. Ki karɓe shi da fuska a sake, yana son kunun gyaɗa.

Zulai

*

Safo, 18 ga watan Nuwamba

Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. Daga gidan yayana Sani nake rubuto miki. Kafin komai, ɗanki lafiyarsa lau, ƙila ma ya riga takardar nan isowa. Na san halinsa, ba zai ba ki labarin duka ba, don haka ga shi.

Na saɓa miki. Buhun yashi kuwa, ko ɗaya bai taɓa shiga gidan nan ba, ni ke share shi kullum.

Al'amin ya iso Juma'a da la'asar. Malam ya manne masa kamar kaska, ko alwala zai yi yana tsaye a kansa. Ban samu ko minti ɗaya da shi ba. Amma tun ranar da aka kwashe ruɓaɓɓen katakon na tsinci wani guntu cikin shara na ƙulle a bakin zane. Da safen Asabar na kai masa kunu, na ɗora guntun a kan faifan da na rufe kwanon. Malam ya juya yana amsa waya. Na ce a hankali, "Daga cikin na hagu ya fito, kusa da gindi." Al'amin ya murza shi da yatsu biyu, ya zama gari. Ya dube ni, ya karkaɗe hannunsa, ya sha kununsa. Na fita ina cewa a raina shi ke nan, shi ma ya ɗauke ni mai soya ƙuli.

Filin ya cika maƙil. An kafa runfuna, ga makaɗa, ga masu tallan rake, ga manya a kujeru. Masunta ne suka turo jirgin tun daga gida, ana ta guɗa. Malam ya sha farar babbar riga, ya yi jawabi a lasifika har mutane suka fara hamma, rabinsa a kan waɗanda suka ce ba zai iya ba.

Al'amin ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Ya daɗe a fiffiken hagu. Ya shiga, ya tada inji, ƙura ta turnuƙe. Ni dai na runtse ido ina salati. Sai na ji ƙarar ta ragu. Ya sauko, ya taka har gaban runfa, ya rusuna wa kawunsa.

Ya ce, "Kawu, kujera biyu ce a ciki. Kai ka haɗa shi, bai dace in riga ka ganin tafkin nan daga sama ba. Zo mu tashi tare."

Wurin ya ɗauki tafi, makaɗa suka shiga kirarin Malam. Shi kuwa ya yi dariya ya ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Al'amin ya ce zai ɗaga shi. Malam ya ce nauyi zai yi yawa. Al'amin ya ce an rage mai, nauyinsu bai kai ba. Ya ce ƙa'ida ita ce mutum ɗaya ke tashin farko. Al'amin ya ce ya sani, zagaye ɗaya ne kawai, shi ya ɗauki laifin. Ya kama hannun rigarsa a hankali kamar mai yi wa tsoho jagora. Wasu suka taso suna tura shi ta baya cikin raha. Har sun kai shi inuwar fiffiken. Nan Malam ya fizge hannunsa da ƙarfin da ban san yana da shi ba, hularsa ta faɗi, ya ce, "Ba da ni ba."

Lasifikar na rataye a wuyansa, bai kashe ta ba. Duk filin an ji.

Al'amin ya juya. Ya koma ya kashe inji, ya ɗauko turnabis na kwance ƙusa a akwatin kayan aiki, ya soka shi a gindin fiffiken. Ya shige har ƙota, da hannu ɗaya. Ya tsaga ƙyallen, mastik ya faɗo dunƙule-dunƙule, garin katako na bin iska. Ya aje turnabis ɗin a gaban kawunsa, ya gaida manya, ya nufi tasha a ƙafa.

Abin da ya biyo baya ma bai fi daɗin gani ba. Mutanen da suka shekara suna shan shayinsa suna kiransa injiniya, su suka fara yi masa ihu. Wasu suka afka wa tukwanen shinkafar da aka dafa wa baƙi, har da kokawa. Wasu na yagar ƙyallen jirgin wai na tsaraba. Na tsaya ina kallonsu, na rasa wa zan fi jin ƙyama.

A gida na jira ko Malam zai ce wani abu. Na yi zaton zai yi kuka, ko ya ce a kira masa Al'amin. Da ya yi haka wallahi da na zauna. Ya shigo ya tuɓe riga, ya dube ni ya ce, "Kin ji daɗi, kin kunyata ni a gaban mutane." Daga nan ya tambaya ko ƴan rediyo sun ɗauki wurin da ya yi maganar.

Na haɗa kayana a ƙullin zane biyu, na samu amalanken da ke komawa Safo. Bai sake ni ba, ni ma ban nema ba tukuna. Na dai kasa kwana a gidan da yake numfashi.

Ban rubuto don ki ce na yi gaskiya ba. Ki gaida Al'amin, ki ce ya yafe mini da ban samu hanyar gaya masa tun da wuri ba.

Taki,
Lantana

*

Damagaram, 25 ga watan Nuwamba

Ilyasu,

Salamu alaikum. Takardarka mai shafi huɗu ta iso. Na karanta ta sau biyu. Ka yi bayanin ruwan sama, da rashin kyan katakon Turawa, da sharrin mata, da yadda za ka gyara jirgin kafin baɗi. Na bi ta layi-layi da yatsa ina neman inda ka tambayi lafiyar Al'amin. Ban gani ba.

Ya iso. Sai jiya ya tambaye ni ko na sani. Na ce masa an gaya mini, na zaɓi in yarda da kai. Wannan nawa ne, ni zan ɗauka.

Na aika wa Lantana direba ya ɗauko ta daga Safo. Za ta zauna wurina har ranar da ta ga dama, in ta yarda ta dubi fuskata.

Kai kuma kada ka zo, kada ka sake rubutowa. In na iya, ni zan neme ka.

Allah ya shirye mu.

Zulai